Magani Ɗaya, Jiki Daban-daban: Abin da Ɗalibin Jinya Zai Sani Kafin Ya Miƙa Magani

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban aikin jinya a unguwar Madagaskar, kusa da Briketeri, a birnin Yawunde



An nemi in yi magana a kan tushen ilimin magunguna. Fage ne da ba a ƙure shi a zama ɗaya, don haka zan tsaya a kan magana guda: aikin magani ya danganta ga jikin da ya shiga. Likita ne ke rubutawa, mai farmasi ya bayar, amma hannun da ke miƙa ƙwayar ko ya soka allurar naku ne. Kuskuren da ya kuɓuce musu su biyun, in ya kuɓuce muku, babu sauran mai tare shi.

Tafiyar magani a jiki

Kowane magani zango huɗu yake yi: ya shiga jini, ya bazu a jiki, hanta ta sarrafa shi, sannan ya fita, galibi ta ƙoda.

Wanda aka haɗiya sai ya bi ta hanji da hanta kafin ya game jiki, shi ya sa yake ɗaukar lokaci, kuma abin da ke cikin ciki yana shafarsa. Ga misali daga ƙwaryar nono. Maganin zazzaɓin sauro da kuka sani da sunan Coartem yana son maiƙo kafin hanji ya tsotse shi sosai, saboda haka ake cewa a sha shi da abinci ko madara. Amma wannan madarar, ko kindirmo, ita ce ke ɗaure siprofuloksasin da tetrasaikilin a cikin hanji, ta hana su shiga jini yadda ya kamata. Tsohon da ya kora ƙwayar siprofuloksasin da fura da nono ya bi umarnin “sau biyu a rana”, amma bai samu cikakken magani ba.

Allurar jijiya kuwa ba ta jira, kuma ba ta dawowa. Kinin ba a tura shi jijiya kai tsaye. A ƙarin ruwa ake sa shi ya ɗiga cikin awa huɗu, ana lura da sukarin jini domin yana saukar da shi. Gishirin potasiyam mai kauri, in aka tura shi ba a tsarma ba, zuciya yake tsayarwa.

Ta fuskar fita, ku riƙe abin da ake kira rabin wa'adi, wato lokacin da rabin maganin da ke jini ke ɗauka ya gushe. Na parasetamol awa biyu zuwa uku ne, shi ya sa ake maimaita shi a rana. Daga nan aka samo “kowace awa shida” da “kowace awa takwas”. In ƙoda ta gaza, wa'adin sai ya yi tsawo, magani ya taru. Jentamisin a jikin tsoho mai raunin ƙoda yana iya ƙarasa ƙodar, ya kuma tafi da jinsa.

Awo

Yaro ba a yi masa awo da ido. Ma'aunin parasetamol ga yara miligiram 15 ne ga kowane kilo. Yaro mai kilo 12 ke nan zai sha miligiram 180. In kwalbar tana ɗauke da miligiram 120 a kowace mililita 5, rabonsa mililita 7.5. Ku saba da wannan lissafi a takarda, kuma ku karanta kowace kwalba, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kada ku ce wa uwa “cokali ɗaya”. Cokalin wani gida ya ninka na wani. Ku nuna mata layin a jikin sirinji ko murfin awo.

Babba kada ya wuce giram 4 na parasetamol a yini. Haɗarin a nan shi ne parasetamol na ɓoye a cikin magungunan mura da na ciwon jiki masu sunaye daban-daban. Mutum ya haɗa uku yana tsammanin magunguna uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka wa hantarsa. Allurar atesunet ga zazzaɓi mai tsanani ma da kilo ake auna ta: miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ga kowane kilo ake ba shi. Ba ku da hanyar sanin wannan sai kun ɗora shi a sikeli.

Darasin Okola

Abincin wani gubar wani, in ji Hausawa, kuma hujjarsa tana nan kusa da mu. Ibamektin, wanda aka fi sani da Mectizan, magani ne da kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987 don yaƙar cutar makanta ta bakin kogi. Miliyoyin mutane sun sha lafiya lau, har William Campbell da Satoshi Omura suka samu lambar Nobel ta 2015 saboda shi. Amma a gundumar lafiya ta Okola, arewa da Yawunde kaɗan, an dakatar da rabonsa a 1999 bayan wasu da suka sha sun faɗa doguwar suma, wasu suka rasu.

Maganin ba jabu ba ne, awon ma daidai ne. Matsalar a jinin mutanen take. A kurmin ƙasar nan akwai tsutsar loa-loa, wadda takan gitta ta cikin ido. Wanda 'ya'yanta suka yi cunkoso a jininsa, in ya sha ibamektin, sai su mutu lokaci guda, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. A 2015 Farfesa Joseph Kamgno da abokan aikinsa suka koma Okola da wata na'ura da aka haɗa da wayar hannu, mai ƙirga tsutsar daga ɗigon jinin yatsa cikin 'yan mintoci. Sun gwada mutum fiye da 16,000, suka ware kimanin kashi 2 cikin 100 masu tsutsa da yawa, suka ba sauran magani, kuma ba a samu mummunar illa ko ɗaya ba. Abin da ya sauya tsakanin 1999 da 2015 shi ne an san jikin kafin a ba shi maganin.

Tambayoyin da ba a tsallakewa

Ku ba kullum za ku samu na'ura ba, amma kuna da baki. Takardar magani da Faransanci ake rubuta ta, Hajiyar da ta zo daga Briketeri kuwa da Hausa ko Fulatanci za ta faɗi gaskiyar abin da ke damunta. Wannan falala ce Allah ya ba ku, ku yi aiki da ita.

Tambaya ta farko: “Baba, me kuka riga kuka sha kafin ku zo?” Da wuya a kawo marar lafiya bai bi ta mai tallan magani a kasuwar Mokolo ba, ko jiƙo, ko abin da maƙwabciya ta rage. Ku tambaya da ladabi, domin wanda aka yi wa faɗa ɓoyewa yake yi. Ku tambayi mace ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Ku tambaya ko wani magani ya taɓa fesa masa ƙuraje ko ya kumbura masa fuska. Mai shan rifamfisin na tarin fuka ku gaya masa fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata ya daina. In mace ce mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, ta sani rifamfisin na raunana ta. Mai ciwon sukari da ke shan gilibenkilamid, ku tattauna da shi da likita tun kafin watan azumi ya kama, domin sukari na iya faɗuwa da rana. Matashin da aka kawo yana jijjiga, ku tuna da tiramol: iyakarsa a asibiti miligiram 400 a yini, kuma wuce haka na jawo farfaɗiya da tauye numfashi.

Ingancin abin da ke hannunku

A 2023 yara sun rasu a yankin Fundong na Arewa maso Yamma bayan sun sha maganin tari mai suna Naturcold. A watan Yulin shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa an samu gubar dayetilin gilaikol a cikinsa har kashi 28.6 cikin 100, alhali iyakar da aka yarda da ita kashi 0.1 ce. Wannan gubar ce ta kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar maganin My Pikin a 2008 zuwa 2009, da kusan 70 a Gambiya a 2022. Alamarta amai, ciwon ciki, sannan fitsari ya ɗauke. Yaron da ya daina fitsari, ku ce a kawo duk kwalaben da ya sha.

Ƙasar nan tana da CENAME mai sayo magunguna ta rarraba wa asibitocin gwamnati, da LANACOME mai gwada ingancinsu. Naku rabon shi ne duba ranar ƙarewar aiki, da lambar rukuni, da yadda aka adana. Oksitosin da insulin sanyin firiji suke so, digiri 2 zuwa 8. In wuta ta daɗe a ɗauke, ku sanar da na gaba da ku. Kada a gano lalacewar oksitosin a kan mai naƙudar da jini ya ɓalle mata.

Kammalawa

Kafin kowane magani ku tabbatar da abu biyar: majinyacin ne, maganin ne, awon ne, hanyar ce, lokacin ne. Bayan kun bayar ku rubuta nan take, ku koma ku duba yadda jikin ya karɓa. Illar da kuka gani ku kai rahotonta, domin da irin waɗannan rahotanni ake janye mugun magani daga kasuwa. In rubutun likita bai karantu ba, ko awon ya yi muku yawa, ku ajiye sirinji ku je ku tambaye shi, ko da zai ɗaure fuska. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.