Jawabin Taron Ƙarshen Kaka: Noman Gona da Kiyaye Ta

 

An ɗora mana magana a kan wakilci, wato riƙon amanar abin da Allah ya sa a hannunmu. In an ce wakilci, hankalin yawancinmu sai ya tafi ga baikon ran Lahadi da damman hatsin da ake kai wa ikilisiya bayan girbi. Wannan yana ciki. Amma Littafin Farawa, sura 2 aya 15, ya nuna aiki biyu aka ba mutum tun farko, noman gona da kiyaye ta. Mun riƙe noman, kiyayewar kuwa mun sake ta. Littafin Firistoci 25:23 ya ce ƙasa ta Allah ce, mu baƙi ne a kanta. Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana sare itace mai ba da 'ya'ya ko a fagen yaƙi. 'Yan'uwanmu Musulmi da ke zaune a nan sun san kalmar amana sarai, ba sai an fassara musu ba.

Dattawa sun tuna yadda gonakin Tasawa da Mayahi suka zama fili fetal bayan farin 1973. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ba sabara ba kalgo. Dokar gandun daji kuma ta sa mutum yana ganin icen gonarsa na gomnati ne, gara ya cire shi tun yana ƙarami kafin ya jawo masa tara. Sakamakon, mun gan shi: iska ta binne shuka, a sake shuka, ta sake binnewa, mata kuma suna girki da kara da kashin shanu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM a Maradi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa tohon da muke sassabewa kowace bazara itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan ƙarƙashin ƙasa. Abin yi ba shi da wuya. A zaɓi tsiro mafi ƙarfi, uku ko biyar a kan kututture, a sare sauran, a rage rassan ƙasa, a tsare shi daga awaki. Shi ne sassabin zamani. Da yunwar 1984 ta zo, wadda muke kira El Buhari, aka riƙa ba da abinci ga masu barin itatuwa a gonakinsu.

Nan ne muke so ku kasa kunne. Da rabon abinci ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Masu sarewa sun yi aikin ɗan ƙodago, an daina biya, sun daina tsaro. Waɗanda suka bar nasu, har ana yi musu dariya ana cewa gonarsu ƙazama ce, su ne suka fara samun icen wuta da makarai da harawar dabbobi, ƙasarsu ta zauna. Daga gare su abin ya bazu, har masana suka ƙiyasta hekta miliyan 5 a Nijar sun sake yin itatuwa ta wannan hanya. Ɗan ƙodago da wakili gona ɗaya suke shiga, fartanya ɗaya suke riƙe, amma wakili ya san mai gona zai dawo ya tambaye shi, kamar bayin nan uku na Matiyu sura 25.

Ku dubi gawo. Da damina ya zubar da ganye, ya bar wa gero rana, da rani ya yi inuwa ya ba bisashe 'ya'ya. Ko yaro ya san geron gindin gawo ya fi tsawo. Duk da haka akwai mai sare shi don kuɗin biki na kwana ɗaya. A Gulbin Kaba ma, in ana yankar kaba ba ƙaƙƙautawa don tabarmi da igiya, tohon ba zai taɓa tashi ya zama goriba ba.

Ku 'yan ci-rani, gare ku muka nufa. Kuna aiko kuɗi, Allah ya saka. Amma wasunku sun bar gona hannun jinga, ba wanda aka gaya wa ya bar toho, ɗan jinga kuwa saurin gamawa yake yi. Wasu in sun matsu a birni, sai su bugo waya a sayar da gawon gona, ko a jinginar da gonar gado. Kafin ku yi haka, ku tuna akwai ƙanne da ba su ma isa riƙe hauya ba.

Muna roƙon dattawa su zauna da maigari kafin sassabe mai zuwa a kan masu shiga gonar wani da dare su sare masa toho, gama wannan ne ke karya zuciyar mai niyya. A haɗa da makiyaya cikin zaman, kada a yanke magana bayan idonsu. Kowane ɗan ci-rani kuma, kafin ya hau mota, ya zaga gonarsa tare da wanda zai bar wa, ya nuna masa kututturan da za a bari, ya ƙirga su a gabansa.