JAWABI GA 'YAN KASUWA KAN ADIRESHIN KAYANMU A INTANET

 

Da yawanmu yanzu yara sun buɗe mana shago a intanet, ana sa hoton goro da albasa da wake. Madalla. To amma mu dubi adireshin da muke ba masu saye. Wani za ka ga ƙarshensa ?p=123 ne, wanda manhajar WordPress ke bayarwa idan ba a gyara ba. Don Allah wa zai iya karanta wa abokin ciniki wannan ta waya, a cikin hayaniyar Mile 12 ko Bodija? Alhali gyaran bai kai minti 5 ba. A ce wa yaron ya shiga wurin saiti, ya zaɓi a riƙa sa sunan kaya maimakon lamba. Sai adireshin ya koma /farin-goro ko /buhun-albasa. Mutum na gani ya san abin da zai tarar, shi ma Google ya samu kalmar da zai kama.

Sannan mu tuna wa muke sayar wa. Mu nan baƙi ne a ƙasar Yarbawa. Matar da ke neman goro ba lallai ta rubuta goro ba, obi za ta rubuta, albasa kuma alubosa. Ba laifi ba ne a sa sunan da mai saye ya sani. Ai ko a bakin rumfa da harshensa muke yi masa tayi.

Abin da muke so a kula da shi sosai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A cikin bayanin kaya mu rubuta su daidai, harshenmu ne. Amma a adireshi, da zarar an kwafa an tura ta WhatsApp, sau da yawa ƙ kan rikiɗe ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97. Fili tsakanin kalmomi ma %20 yake komawa. Mai saye ya ga wannan tarkacen, sai ya ɗauka 'yan damfara ne, ya ƙi taɓawa, ciniki ya wuce. Saboda haka a adireshi a sa k da d da b zalla, ƙananan baƙaƙe, a raba kalmomi da karan ɗori. Shi Google da kansa ya fi son karan ɗori a kan layin nan na ƙasa.

Kada a sa farashi a adireshi. Kuɗin albasa na yau ba shi ne na watan gobe ba.

Kuma in an riga an buga adireshi a kati ko a jikin buhu, a bar shi yadda yake. In ya zama dole a canza, a sa yaron ya yi abin da suke kira turawa ta 301, wadda ke kai mutum sabon wuri kai tsaye, kamar takardar da muke mannawa a tsohuwar rumfa cewa mun koma layi kaza. In ba haka ba, lamba 404 kawai mai saye zai gani.

Masu sunan da ke ƙarewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, a tabbatar da sunan mai shago aka yi rajista, ba na yaron ba, kuma a riƙa sabuntawa kafin wa'adi ya cika.