Hanji da Ruwa: Jawabi ga Ɗaliban Aikin Jinya a Ƙofar Guga, Katsina



An nemi mu yi magana a kan hanyar abinci a jikin ɗan Adam da cututtukan da sukan same ta. Fagen yana da faɗi, saboda haka za mu ratsa hanyar da sauri, mu yada zango a inda muke ganin rai ya fi salwanta a ƙasarmu, watau ƙaramin hanji.

Loma takan bar baki ta bi maƙoshi, wanda tsawonsa kimanin santimita 25 ne, ta faɗa tumbi, inda ruwa mai tsananin tsami yake dama ta. Nan ne gidan gyambon ciki. An daɗe ana ɗora laifinsa kan yunwa da yaji da damuwa, har 1982, lokacin da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita ce take haddasa yawancinsa. Saura kuwa galibi aikin magungunan kashe zafi ne irin su asfirin, waɗanda leburorinmu suke haɗiya kullum da yamma kamar gyaɗa.

Daga tumbi sai ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita 6, yana naɗe a tsakiyar ciki, sa'an nan babban hanji mai mita ɗaya da rabi. To, ga lissafin da muke so kowa ya riƙe. Baligi yakan sha kamar lita 2 a yini, amma ruwan da yake ratsa hanjinsa yakan kai lita 8 ko 9, domin jiki da kansa yake zuba sauran: yawu, da ruwan tumbi, da na matsarmama, da na hanjin kansa. Bashi ne jiki ya bayar, kuma ƙaramin hanji ne yake karɓo mafi yawansa, babban hanji ya kwashe ragowar, har abin da yake fita da bayan gida bai kai kofi guda ba. Gudawa ita ce ranar da aka kasa karɓo bashin nan.

Babu inda wannan ya fi muni kamar kwalara. Dafin ƙwayar yakan sa bangon hanji ya riƙa tsiyayar da gishiri da ruwa, har babban mutum ya zubar da lita guda a sa'a ɗaya, bayan gidansa kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Annobar da ta taso daga Indunusiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A 1991 ta kashe mutum fiye da 7,000 a Nijeriya, a 2021 kuma fiye da 3,000, Katsina tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mu da muke taro a Ƙofar Guga ba sai an gaya mana mene ne guga ba: wanda aka yar a ƙasa kusa da masai, aka sake zura shi rijiya da damina, ya isa ya kwantar da unguwa.

Maganin kuwa daga sanin hanjin ya fito. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana da wata kafa da gishiri da sukari suke shiga tare, ruwa ya bi bayansu. Daga baya aka gane dafin kwalara ba ya toshe kafar nan. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, sai ya sa dangin majinyata su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari da kofi. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. A nan gida Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari matuƙa wajen kai wannan ilmi ga iyaye mata.

Duk da haka har yanzu uwa takan ce haƙori ne, ta jira ya wuce, ko ta hana yaro ruwa don kada zawon ya ƙaru. Ba mu ga amfanin yi mata tsawa ba. Aikinmu shi ne mu zauna da ita mu haɗa ƙunshin maganin a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu ƙunshin, ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu, da rabin cokali na gishiri; gishiri in ya yi yawa illa ne. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, kada a yanke nono. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kuma a 2022 Nijeriya ta sa rigakafin ƙwayar rota, babbar mai kawo gudawar jarirai, cikin na yau da kullum.

Amma kofi yana da iyaka. Yaron da ya yi laƙwas, idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya kasa sha, in an tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, wannan na ƙarin ruwa ne nan take. In kuma akwai jini a bayan gida, atuni ne, sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta bisa umarnin likita.