Zakka da Gayya: Jawabi ga Ɗalibai a Dutse



Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Jigawa. Amma ko ba ambaliya, ginin ƙasa da ya rasa yaɓe ba ya jure ruwan Agusta. Don haka ne kakanninmu suke kiran gayya tun da bazara, a gyara wa gajiyayye ɗakinsa.

Kwamitin Zakka na Masarautar Dutse yana tara hatsi daga manoma, yana raba wa mabukata. Roƙona shi ne a mai da wani kaso jari, akuya ko keken ɗinki. Mu kuma ɗalibai mu riƙe rajista, mu shiga kwaɓar ƙasa. Burinmu, mai karɓar zakka bana ya zama mai fitar da ita nan gaba.