Jawabi ga Malamai da Almajirai a kan Labarun Mazan Jiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai iyayenmu, ya ku almajirai ƙannenmu, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a kan mas'ala guda, ita ce yadda za mu sanya labarun mazan jiya cikin karatun yara.

Ku sani zuciyar yaro ba ta zama ba gwarzo. In malaminsa bai ba shi ba, titi zai ba shi. Yau yaron da bai kai Izu biyar ba yana iya lissafa muku 'yan ƙwallon Turai da garuruwansu, amma ku tambaye shi wa ya wallafa Ahalarin da ke hannunsa, sai ya yi shiru. Laifin ba na yaro ba ne. An ba shi littafi, ba a ba shi labarin mai littafin ba. Da an gaya masa Shehu Abdurrahmanil Ahalari mutumin ƙasar Aljeriya ne, yana ɗan shekara 21 ya tsara littafinsa na manɗiƙi mai suna Sullam, da ya dubi karatunsa da wani ido. Haka Risala: Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 386 ta Hijira, ya rubuta ta ne domin a karantar da yara, bisa roƙon wani malamin yara. Ashe littafin nasu ne tun asali, ba su sani ba.

To amma ga inda nake jin tsoro. Da yawanmu in mun tashi ba da labarin magabata, sai mu cika shi da karamomi da abubuwan mamaki, har yaro ya ɗauka waɗannan ba mutane ba ne irinmu. Ba mu musun karamar waliyyai, gaskiya ce. Sai dai karama baiwa ce, ba a koyonta a allo. Yaro zai ji, ya riƙe baki, ya tashi bai ɗauki kome ba. Abin da ake koyi da shi shi ne haƙuri da gaskiya da ƙoƙari da gudun abin hannun mutane. Saboda haka na ce: gwarzon da za a kai wa yaro, a kai shi a siffar da yaro zai iya bin sawunsa.

Ku dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi. An haife shi a Maratta shekara ta 1754, ya tashi a Degel, ya fara karatu wurin mahaifinsa, ya yi tafiya har Agadas wurin Malam Jibrilu. Ya fara wa'azi yana kamar ɗan shekara 20, ya yi shekara 30 yana yawon karantarwa cikin Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Daga hijira zuwa buɗe Alkalawa a 1808 shekara 4 ne. To don me yaranmu suka san shekara huɗun nan, ba su san talatin ɗin ba? Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Yaron da aka nuna wa takobi ba a nuna masa alƙalami ba, shi ne gobe wani jahili zai ruɗa da sunan jihadi, ya kai shi ga zubar da jinin Musulmi. Ku gaya musu Shehu da kansa ya yi raddi ga masu kafirta talakawa domin ba su iya hujjojin ilmin tauhidi ba. Ku gaya musu ranar Idi a Magami, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Wannan yaro na iya fahimta, kuma yana iya aikata ƙaramin misalinsa ranar da aka miƙa masa abin da ba hakkinsa ba.

Kada kuma ku ɓoye musu wahala. Jama'ar Shehu sun ci nasara a Tabkin Kwatto, amma cikin shekarar nan aka yi musu ɓarna a Tsuntsuwa, mahardata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Yaron da ya ji wannan zai san faɗuwa ba ƙarshen mutum ba ce, kuma ana gaya wa na gida gaskiya.

'Ya'ya mata su ma suna da hakki. Ga Nana Asma'u, an haife ta 1793, ta rasu 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis, ta ba su malfa, suna kai karatu ga matan ƙauyuka, su ne 'Yan Taru. Mahaifinta a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Duk yarinyar da ta ji labarin nan ba za ta yarda karatu na maza ne kaɗai ba.

Ga shawarar da nake ba ku, ya ku malamai. Na fari, ku keɓe yammacin Laraba, kafin hutun Alhamis da Juma'a, domin labari. Na biyu, mutum ɗaya, hali ɗaya. In Imamu Malik ne, to ku tsaya kan cewa shi da girman ilminsa ba ya jin kunyar ya ce bai sani ba. Na uku, bayan labari ku tambayi yaro me zai aikata cikin makon nan mai kama da wannan, ran Asabar ku bi bashin amsarsa. Na huɗu, ku aiki yara wurin kakanninsu su tambayo wa ya haƙa rijiyar unguwa, wa ya fara kafa makaranta a garin, wace tsohuwa ce ta karantar da uwayensu. Na biyar, kada ku faɗi labarin da ba ku ga asalinsa ba, domin ba a koyar da gaskiya da ƙarya.

Ku kuma almajirai, duk wanda kuka ji an yaba, ku tambayi yadda yake sa'ad da yake kamarku: wa ya karantar da shi, me ya sha kafin ya samu.

Daga ƙarshe, ya ku malamai, ku tuna yaro ya fi karanta malaminsa bisa ga allonsa. In mun ba shi labarin mai gudun duniya da yamma, da safe ya ga muna fifita ɗan mai kuɗi bisa ɗan talaka, to mun wanke abin da muka rubuta. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon koyi da su, Ya shirya mana zuriya. Haza wassalamu.