Sunan Wa Za a Rubuta a Takardar Gidan?

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai a kan galahanga, mukan taru mu yi maganar yara: yadda za a gane alamu da wuri, wace makaranta za a kai su, wane malami zai iya da su. Ban ce wannan kuskure ne ba. Amma yaron da yake ɗan shekara goma lokacin da aka fara waɗannan taruka, yau gemu ya fito masa, wani ma yana neman aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da galahanga, kuma kowa a zauren nan ya san ba abu ne da ake girma a bar shi a baya ba. To ina waɗannan manyan suke kwana? A gidan wa? Idan suka tara kuɗi ko suka ci gado, sunan wa ake rubutawa a takardar gidan? Na daɗe ina saɓani da abokan aikina likitoci da malaman ilimi na musamman a kan wannan, domin aikinmu yakan tsaya a ƙofar makaranta, alhali rayuwar mutum daga nan ma take farawa.

Kun san waɗanda nake nufi: masu galahanga, da masu ƙarancin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, da masu wahalar haɗa baƙi ko lissafi duk da kaifin basirarsu. Ƙwaƙwalwarsu tana aiki ne ta wata hanya daban, kuma wannan ba taɓin hankali ba ne. Da yawansu suna cikinmu suna neman na kansu. Akwai tela, akwai akawu, akwai mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, akwai malamin makaranta. Mafi yawansu ba su taɓa zama gaban likita an sa wa halinsu suna ba, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba. Sunan da unguwa ta sa musu shi ya bi su: dolo, gaɓo, shashasha, ko a ce ai wane iska ce ta shafe shi.

Ga irin wannan mutum, muhallin kansa ya wuce maganar rufin asiri da muka saba faɗa. Wanda ƙarar janareton maƙwabci ke shiga masa kai kamar ana buga ƙusa, wanda rana guda a hayaniyar Kantin Kwari ke sa shi kwanciyar kwana biyu, yana bukatar wuri ɗaya a duniya da shi ke da ikon cewa a rage murya. Wanda ke riƙe rayuwarsa da tsari, makullinsa a ƙusa ɗaya, maganinsa a taga ɗaya, hanyarsa ta masallaci ɗaya, idan mai gidan haya ya ba shi notis ba ɗaki kaɗai ya rasa ba, an rushe masa duk abin da ya dogara da shi yake tashi ya je aiki. Gidan haya mai ɗakuna goma da banɗaki ɗaya, inda zaman lafiya ya dogara ga fahimtar habaici da harara, wuri ne da mai galahanga zai yi ta laifi bai san ya yi ba. Mai ƙarancin natsuwa kuma kuɗin haya na shekara kan riske shi ba shiri, ba don ba ya samu ba, sai don ranar da ke nesa ba ta zama a ransa. Gidan gado shi ne ke rufa wa yawancinsu asiri, shi kuwa gidan gado ranar da uba ya faɗi aka fara ƙirga kwanakinsa.

Yanzu ku duba yadda muke cinikin gida da fili. Dillali ne ke gaba, shi kuma la'adarsa tana zuwa ne idan ciniki ya faɗa, don haka gaggawa ribarsa ce. Zai ce akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe, in kana so ka ba da kafin alƙalami yau. Ɗan kasuwar da ya goge ya san wannan gishirin ciniki ne. Mai galahanga yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, sai ya gaskata. Mai ƙarancin natsuwa kuma zuciyarsa kan riga lissafinsa, sai ya biya kafin ya tambaya ko filin awon igiya ne ko na gwamnati, ko ruwa na kwanciya a wurin da damina, ko magada duka sun yarda a sayar. Sai a zauna a zauren mai unguwa, mutum goma suna magana lokaci guda, a miƙo takarda a ce sa hannu, wanda baƙi ke yi masa rawa a ido ya ji kunyar cewa a karanta masa. Bayan nan ga doguwar tafiyar ofisoshi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya ce ba a sauya mallaka sai da amincewarsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan sharaɗi a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Ma'anarsa awo, da fayil, da biyan kuɗi kashi-kashi, da je ka dawo na watanni. A nan ne da yawa ke sarewa, su zauna da takardar ciniki kawai.

Iyali sun ga wannan duka, sai suka samo mafitar da nake ganin ita ce babbar ɓarnar: a saya masa, amma a rubuta da sunan yayansa, ko kawunsa, ko mijin yayarsa. Da kyakkyawar niyya ake yi, kuma na san lauyoyi da ke ba da wannan shawara. To amma takarda ba ta san niyya ba. Ranar da yayan ya rasu, gidan ya shiga cikin abin da 'ya'yansa za su gada. Ranar da bashi ya ci shi, gidan ne za a kama. Ranar da matarsa ta gaji da zama da ƙanin miji, babu kotun da za ta ga sunan mai gidan na gaskiya a ko'ina. Kuma doka ba ta nemi haka ba. Sashe na 7 na waccan doka ta 1978 shekaru ya duba: wanda bai kai 21 ba ne ba a ba shi takardar mallaka sai ta hannun mai kula da shi. Bai ce komai a kan yadda ƙwaƙwalwar mutum ke aiki ba. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman a 2010, wadda sashenta na 12 ya tanadi a taimaka wa mutum ya yanke hukuncinsa, ba a yanke a madadinsa ba.

Amma ba daga Majalisar Ɗinkin Duniya nake son kafa hujjata ba, domin fiƙihun da muka karanta a zaure ya riga ta da ƙarnuka. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan safihi, wato mai almubazzaranci da dukiya, da kuma rushdu, wato iya riƙe ta. Ma'aunin rushdu a wurinsu shi ne kiyaye dukiya. Ba iya zance a taro ba ne, ba kallon mutum cikin ido ba ne, ba iya taya kaya a kasuwa ba ne. Mutumin da ba ya son gaisawa da jama'a amma ya san inda kowace nairarsa ta shiga, rashidi ne cikakke, kuma irinsa suna da yawa cikin masu galahanga. Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba maraya, idan aka ga rushdu a miƙa masa dukiyarsa. Jarrabawa aka ce, a ba shi kaɗan a ga yadda zai yi. Iyalai nawa ne suka taɓa jarraba ɗan'uwansu kafin su yanke cewa ba zai iya ba? Har wanda aka tabbatar ba ya iya riƙe dukiya, aka hana shi tasarrufi, dukiyar ba ta fita daga mallakarsa. Waliyyi mai tsaro ne kawai, kuma za a tambaye shi. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, da ta zo kan rubuta bashi, ta ambaci mai rauni da wanda ba ya iya shifta da kansa, ta ce waliyyinsa ya shifta da adalci. Bashin dai na mai shi ne, bakin kawai aka ara masa. Wannan shi ne ainihin abin da nake kira a yi a cinikin gida: a ara masa baki, a ara masa ido, a ara masa ƙafar zuwa ofis, sunan ya zama nasa.

Akwai kuma wani babi da muka bari ƙura ta rufe, babin ciniki da sharaɗin zaɓi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda babu unguwar da ba a karanta ta a ƙasar Hausa, ta halatta a ƙulla ciniki a ɗiba wa mai saye lokacin da zai gwada haja ko ya yi shawara, ta kuma hana a sharɗanta biyan kuɗi a cikin wannan lokaci. Muhtasar na Halil ya kai wa'adin gida kimanin wata guda. Ku auna wannan da halin mutanen da muke magana a kansu. Wata guda ya isa mai galahanga ya je unguwar da safe da rana da dare, ya ji ko injin niƙa ko gidan biki na kusa. Ya isa mai ƙarancin natsuwa zumuɗinsa ya kwanta, hankalinsa ya dawo kan lissafi. Ya isa a karanta wa mai wahalar haɗa baƙi takardar sau uku a cikin natsuwa, a kuma je ofishin filaye a bincika ko an jinginar da gidan. Malaman da suka ɗibi wannan wa'adi sun san gida ba akuya ba ne da za a taya a sallama a tsaye. Mu ne muka bar dillalai suka mayar da shi haka, kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne waɗanda gaggawa ta fi yi wa illa.

Na san abin da za a ce. Za a ce in aka sa sunansa, macuta za su yaudare shi ya sayar. Amsar ita ce a tsare takardar, ba a ƙwace gidan ba: a ajiye ta a banki ko wurin amintacce, da shaidu. Za a ce akwai waɗanda larurarsu ta yi tsanani, ko magana ba sa yi. Gaskiya ne, kuma su ne suka fi bukatar sunansu ya fito a rubuce, tare da waliyyin da alƙali ya sani. Za a ce masu cikakkiyar lafiya ma ba su da gida a ƙasar nan. Wannan ba hujja ba ce ta karɓe na wanda ya samu. Masu cewa duk maganar nan ta Turawa ce kuwa, na riga na ba su amsa daga Risala.

Saura jami'an gwamnati. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Inda aka motsa ma, gangaren keken guragu aka zuba a ƙofa aka ce an gama. Gangare ba ya amfanar wanda matsalarsa hayaniyar layi ce da fom mai shafi goma da Turancin lauyoyi. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, bisa dokar 1992, yana da haƙƙin neman rancen gida, amma in hanyar neman ta fi ƙarfin natsuwarsa, ya zama yana tara wa wasu ne. Abin da na daɗe ina nema bai fi ƙarfin hukumomin filaye irin su KANGIS ko KADGIS ba: tebur ɗaya a ɗaki mara hayaniya, jami'i ɗaya da zai riƙe fayil daga farko har ƙarshe, matakan da kuɗin kowanne a rubuce da Hausa a takarda guda kuma a naɗe da murya, da izinin mutum ya shigo da mai taimaka masa ba tare da an mayar da mai taimakon mai gida ba. Masu unguwanni su ƙi sa hannu a cinikin da aka yi wa irin wannan mai saye ba tare da wa'adin zaɓi ba. Limamai su farfaɗo da wannan babi a huɗuba. Asibitocinmu na ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware su buɗe rana guda ta manya masu wannan hali, domin takardar likita da ta ce wane yana da galahanga amma yana iya riƙe dukiyarsa tana iya kashe gardamar iyali.

Ku iyaye da ke zaune a nan, na san tambayar da ke hana ku barci ita ce wa zai riƙe shi bayan ranku. Kada ku bar amsar a bakin 'yan'uwa. Tun kuna da rai da lafiya, ku kira shaidu, ku ware masa nasa, ku je ofishin filaye tare da shi, ku tabbatar sunansa ne a kan takardar.