Cire Mahaifa: A Bar Bakinta Ko A Haɗa Da Shi?



Idan ƙari ya tsiro a mahaifa, jini ya ƙi tsayawa, har likita ya ce sai an cire ta, akwai tambayar da ba mu cika yi ba a nan Kudu, inda akan yi mana bayani da Turanci ko Yarbanci: da bakin mahaifar za a cire, ko za a bar shi?

Wasu kan roƙi a bari don gudun lalacewar zaman aure, alhali binciken likitoci bai nuna bambanci ta nan ba. Barinsa yakan rage tsawon aikin da zubar jini. Amma sankara na iya kama wurin, don haka gwajin bakin mahaifa bai faɗi a kanta ba. Wata ma takan ga ɗan jini kowane wata. In kuwa gwaji ya nuna alamar sankara, babu zaɓi sai cirewa.

Wadda ta san in ta koma gida asibiti zai yi mata nisa, ta shaida wa likita haka kafin ta sa hannu a takarda, ta kuma tafi da tafinta.